Daga Zariya zuwa Sitokholm: Shekara Ɗari na Marubutan Afirka da Lambobin Yabo

Ranar Alhamis, 7 ga Oktoba, 2021, wayar wani dattijo ta yi ƙara a gidansa da ke Ingila. Mai kiran ya shaida masa cewa shi ne ya ci Kyautar Nobel ta Adabi ta wannan shekarar. Dattijon, Abdulrazak Gurnah, ya ɗauka tsokanarsa ake yi. Mu ma da labarin ya iso mana ta wayoyinmu, da yawa daga cikinmu tambayar juna muka shiga yi: wane ne kuma wannan? Sai daga baya muka ji cewa haifaffen tsibirin Zanzibar ne, ya rubuta ƙagaggun labarai har goma, kuma a farkon shekarun 1980 ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano. Ashe mutumin ya sha ƙurar hunturunmu, ba mu san da shi ba.

Ba shi kaɗai shekarar ta yi wa kyau ba. A watan Yuni, David Diop, ɗan Faransa mai tushe a Sanigal, ya ci Kyautar Booker ta littattafan da aka fassara, da labarinsa a kan sojojin Sanigal da Faransa ta kai fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. A watan Oktoba, Paulina Chiziane ta Mozambik ta ci Kyautar Camões, wadda ita ce mafi girma ga masu rubutu da harshen Fotugal. A cikin watan dai aka miƙa wa Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe kyautar zaman lafiya ta masu harkar littattafai a Jamus, aka kuma bayyana Boubacar Boris Diop na Sanigal a matsayin wanda ya ci Kyautar Neustadt ta Amurka. Ranar 3 ga Nuwamba kuwa abin ya zo bibbiyu: da rana Mohamed Mbougar Sarr, matashi ɗan Sanigal mai shekara 31, ya ci Kyautar Goncourt a Faransa, da dare kuma Damon Galgut na Afirka ta Kudu ya ɗauki Booker a Landan.

Wannan shekara ba daga sama ta faɗo ba. Tafiya ce ta shekara ɗari, kuma duk wanda ya bi sawunta zai ga murna, zai ga kuma waɗanda kyautar ta zame wa ƙarfen ƙafa.

Mafarin tafiya

A 1921 aka ba René Maran Kyautar Goncourt saboda littafinsa Batouala. Shi ne baƙar fata na farko da ya same ta. Asalinsa daga yankin Karebiyan ne, amma yana aiki da gwamnatin mulkin mallakar Faransa a Ubangi-Shari, ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a can ya kafa labarinsa. A gabatarwar littafin ya tona irin zaluncin da jami'an Faransa ke yi wa talakawan ƙasar. Kyautar ta sa duniya ta karanta wannan gabatarwa, ita ce kuma ta jawo masa fushin iyayen gidansa, har ya bar aikin. Tun daga ranar farko ke nan an ga abin da lambar yabo ke iya yi: ta ɗaga murya, ta kuma jawo wa mai muryar ido.

Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1933, aka yi wata gasa a nan gida wadda ba a buga labarinta a jaridun Turai ba, amma ita ce uwa ga ƙagaggen labarin Hausa na boko. Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta nemi malaman Arewa su rubuto labaran da suka ƙaga da kansu. Daga wannan gasa muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake malamin Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A cikin wannan zubi ne kuma aka fitar da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Mu lura da kyau: an buga waɗannan littattafai fiye da shekara ashirin kafin Chinua Achebe ya fitar da littafinsa na farko. Idan ana lissafin tarihin ƙagaggen labari a Afirka, muna cikin waɗanda suka yi sammako.

Zamanin 'yancin kai

A 1958 kamfanin Heinemann na Landan ya buga Things Fall Apart na Achebe, kwafi 2,000 kacal a bugun farko. Yau an fassara shi zuwa harsuna fiye da hamsin. A 1962 kamfanin ya buɗe jerin littattafan marubutan Afirka, waɗanda ɗaliban sakandare na da suka sani da bangonsu mai ruwan lemo, Achebe kuma ya yi shekara goma yana ba da shawara kan waɗanda za a buga. Ta wannan ƙofa Ngũgĩ wa Thiong'o na Kenya da Flora Nwapa ta Najeriya da Ayi Kwei Armah na Gana da Bessie Head da wasu da dama suka isa ga masu karatu. Ta nan ne kuma fassarar Turanci ta Mausimul Hijra ilash Shimal na Ɗayyib Salih, ɗan Sudan, ta fito.

A wannan shekarar ta 1962 aka yi babban taron marubuta a Jami'ar Makerere ta Yuganda. Sunan taron kansa ya nuna inda aka dosa, domin na marubutan Afirka ne masu rubutu da Turanci. Ba a kira masu rubutu da Hausa ko Yarabanci ko Suwahili ba. Shekara ɗaya bayan haka wani masani ɗan Najeriya, Obi Wali, ya rubuta maƙala yana cewa adabin Afirka da ake yi da harsunan Turai hanya ce da ba ta ɓullewa. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba, kuma za mu sake cin karo da ita a gaba.

A ɓangaren ƙasashe rainon Faransa, an kafa babbar kyautar adabi ta Afirka baƙar fata a farkon shekarun 1960. Cheikh Hamidou Kane na Sanigal ya same ta a 1962 da labarin wani almajiri Bafulatani da aka raba da allo aka kai shi boko har Faransa. Makwabtanmu na Nijar ma sun ɗauke ta: Boubou Hama da littafinsa Kotia-Nima, sai Idé Oumarou da Gros Plan a 1978. Daga Nijar ɗin ne kuma Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da wannan littafi shi ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987.

Amma labarin da ya fi taɓa zuciya a wannan zamani shi ne na Yambo Ouologuem, ɗan Bandiagara ta ƙasar Mali. Yana da shekara 28, a 1968, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Kyautar Renaudot ta Faransa da littafinsa Le Devoir de violence. Littafin bai ragawa kowa ba: ya soki Turawan mulkin mallaka, ya soki sarakunan Afirka da suka yi cinikin bayi. Aka yi ta yabonsa. Ba a jima ba jaridun Turai suka fara zarginsa da kwaso sassa daga littattafan wasu marubuta, ciki har da Graham Greene na Ingila. Shi kuwa ya ce ya sa alamomin da ke nuna maganar aro ce, a wajen bugu aka cire su. Aka janye littafin daga kasuwa. Waɗanda suka ɗaga shi jiya su ne suka yar da shi yau. Ya tattara ya koma Mali, ya duƙufa ga addini, ya daina magana a kan rubutu har ya rasu a garin Sebare a 2017. Wannan labari ne Mbougar Sarr ya gina littafinsa a kansa, ya kuma sadaukar da shi ga Ouologuem. Wato littafin da ya ci Goncourt a 2021, shekara ɗari cif bayan Maran, labari ne na yadda birnin Faris ke yi wa marubucin Afirka ado da safe ta tuɓe masa da yamma.

Kyautar da ta dubi gida

A 1979 wani attajirin ɗab'i ɗan Jafan, Shoichi Noma, ya kafa kyauta mai sharaɗin da ya bambanta ta da saura: dole littafin ya zama an buga shi a cikin Afirka, kuma ana karɓar kowane harshe na nahiyar. Wadda ta fara cin ta a 1980 ita ce Mariama Bâ, malamar makaranta daga Dakar, da littafinta Une si longue lettre, wato doguwar wasiƙa. Wata mata ce mai suna Ramatoulaye, tana cikin takaba, take rubuta wa aminiyarta labarin yadda mijinta ya auro ƙawar 'yarsu ya juya mata baya bayan shekaru masu yawa na zaman aure. Duk wadda ta karanta littattafan marubutanmu mata na Kano za ta ga kamar a makwabtansu abin ya faru. Mariama Bâ ba ta daɗe tana cin moriyar sunan da ta yi ba, domin ta rasu a 1981.

Kyautar Noma ta cika alkawarinta na harshe. A 1984 ta je hannun Gakaara wa Wanjaũ na Kenya saboda littafin da ya rubuta da harshen Gikuyu a kan zamansa a tsare lokacin tawayen Mau Mau. Ta yi shekara talatin tana gudana, aka rufe ta bayan 2009, shekarar da Sefi Atta ta Najeriya ta ɗauka. Darasin da ta bar mana mai ɗaci ne: kyautar da ta fi kowace kula da maɗaba'un Afirka da kuɗin waje take tafiya, da masu kuɗin suka janye hannu sai ta tsaya.

Sitokholm ta waiwayo

An fara ba da Kyautar Nobel a 1901, amma sai a 1986 ta zo hannun baƙar fatar Afirka, Wole Soyinka. An fi saninsa da wasan kwaikwayo da waƙa, ko da yake ya rubuta ƙagaggun labarai irin su The Interpreters na 1965. Kafin kyautar ya sha ɗaurin kusan shekara biyu a lokacin yaƙin basasar Najeriya, wani ɓangare na ɗaurin a kurkukun Kaduna.

Bayan shekara biyu, a 1988, sai Najib Mahfuz na Masar, wanda har yau shi kaɗai ne mai rubutu da Larabci da ya same ta. Ma'aikacin gwamnati ne da ya shafe rayuwarsa yana rubuta labarin lungunan tsohon birnin Alƙahira, kuma littattafansa uku da suka bi zuri'ar wani ɗan kasuwa tun daga kaka har jikoki su ne ginshiƙin sunansa. Bai je Suwidin ba, 'ya'yansa mata biyu ne suka karɓo masa. Shaharar ta sake tayar da tsohuwar rigima a kan littafinsa Auladu Haratina na 1959, wanda wasu malamai suka ce ya taɓa addini. A 1994, yana da shekara 82, wani matashi ya soke shi da wuƙa a wuya. Ya rayu har 2006, amma hannunsa na rubutu bai koma daidai ba.

Afirka ta Kudu ta samu sau biyu. Nadine Gordimer, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta haramta wasu littattafanta, ta karɓa a 1991. J. M. Coetzee, wanda shi ne ya fara cin Booker har sau biyu, a 1983 da 1999, ya karɓa a 2003. Daga nan sai aka yi shekara goma sha takwas kafin Gurnah.

Wanda ya dubi wannan jeri zai ga giɓi biyu manya. Achebe, wanda littafinsa ya fi na kowa shiga hannun mutane, bai samu Nobel ba har ya rasu a 2013, ko da yake an ba shi Kyautar Booker ta duniya a 2007 saboda ɗaukacin ayyukansa. Shi kansa ya nuna mana cewa ba kowace lambar yabo ake miƙa wa hannu ba: sau biyu, a 2004 da 2011, ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta gwamnatin Najeriya saboda halin da ƙasa take ciki. Na biyu shi ne Ngũgĩ. A ƙarshen 1977 gwamnatin Kenya ta tsare shi ba tare da shari'a ba saboda wani wasan kwaikwayo da ya shirya da ƙauyawa a cikin harshensu. A kurkukun Kamiti ya yanke shawarar daina ƙaga labari da Turanci, ya rubuta littafinsa na farko da Gikuyu a kan takardar bayan gida. Shekara da shekaru ana ambaton sunansa duk watan Oktoba, har ya rasu a watan Mayun 2025 ba a kira shi ba. Babu mai hankalin da zai ce rashin kyautar ya rage wa waɗannan biyu daraja. Alƙalan ne dai suka yi asarar damar sa sunansu a jerinsu.

Sabon jini

A 1991 Ben Okri, wanda aka haifa a Minna, ya ci Booker da The Famished Road, labarin yaron da ke kai da komo tsakanin duniyar mutane da ta iskoki, irin wanda mu muke kira ɗan wabi. A 2000 aka kafa Kyautar Caine ta gajerun labarai mai fam 10,000. Leila Aboulela ta Sudan ce ta fara ci, sai Helon Habila ɗan Kaltungo ta jihar Gombe a 2001. Wanda ya ci a 2002, Binyavanga Wainaina na Kenya, ya koma gida ya kafa mujallar Kwani? wadda ta raini marubuta da dama. A 2007 Chimamanda Ngozi Adichie ta ɗauki Kyautar Orange ta marubuta mata da Half of a Yellow Sun, labarin yaƙin Biyafara.

A gida Najeriya, Ƙungiyar Marubuta ta ANA da Achebe ya jagoranci kafawa a 1981 ta karrama Zaynab Alkali a 1985 saboda The Stillborn. A 2004 kamfanin iskar gas na NLNG ya kafa kyautar adabi da ta kai dala 100,000, tana zagayawa tsakanin zube da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. A 2016 Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci ta da Season of Crimson Blossoms, labarin Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, da wani matashin ɗan daba. Mutanen littafin Hausa suke yi a tsakaninsu, amma da Turanci aka rubuta maganarsu. A 2020 kuma Djaïli Amadou Amal, Bafulatana daga Marwa ta arewacin Kamaru, ta ci reshen Goncourt wanda ɗaliban sakandaren Faransa ke zaɓa, da labarin mata uku da ake ta ba haƙuri a kan auren dole da zaman kishi. An fara buga littafin a Kamaru a 2017, amma sai da aka sake buga shi a Faransa duniya ta ji shi.

Ina littafin Hausa?

A nan ne murnarmu ke haɗuwa da tambaya. Idan muka cire Mahfuz da Larabcinsa, kusan duk manyan kyaututtukan da muka lissafa da Turanci ko Faransanci ko harshen Fotugal aka ci su, mafi yawansu kuma a Landan ko Faris ko Sitokholm aka yanke hukuncinsu. Ranar da Gurnah ya ci Nobel, babu littafinsa ko ɗaya da aka buga da Suwahili, harshen da ya sha a nono. Sai bayan kyautar aka fitar da fassarar Paradise da sunan Peponi a Tanzaniya.

Ba domin alƙalan nan sun karanta littattafanmu sun ga ba su kai ba ne. Ba sa jin Hausa, kuma ba mu kai musu fassara ba. Ana iya ƙirga ƙagaggun labaran Hausa da aka mayar Turanci da yatsun hannu. An fassara Shaihu Umar a 1967. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu sai a 2012 ya fito da Turanci, Aliyu Kamal ne ya fassara, wani kamfani kuma a ƙasar Indiya ya buga. Alhali a tsakanin waɗannan shekaru marubutan Kano da kewaye sun cika kasuwa da ɗaruruwan littattafai, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da suka shiga gida-gida ba tare da wata kyauta ta tallata su ba.

Tarihinmu kuma ya nuna cewa duk lokacin da aka sa gasa, adabin Hausa yakan yi sabon toho. Ta 1933 ta haifi ƙagaggen labari. Wadda kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fito mana da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Ta Hukumar Al'adu ta Tarayya a farkon shekarun 1980 ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata da yawa da a da iyakar rubutunsu wayar hannu. Sai dai mu duba masu ɗaukar nauyin: ta farko gwamnatin Turawa ce, ta baya-bayan nan gidan rediyon Ingila. Masu Suwahili sun kafa tasu kyautar tun 2014, wadda ɗan Ngũgĩ, Mũkoma, yana cikin waɗanda suka assasa ta, tana ba da kuɗi tana kuma taimaka wa a buga littafin da ya ci. Boubacar Boris Diop, bayan ya yi suna da Faransanci, ya koma rubutu da Wolof, ya kuma shiga aikin fassara littattafai zuwa harshen. Mu da muke da miliyoyin masu karatu daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Sudan, da attajiran da sunansu ya zaga duniya, har yanzu ba mu da wata babbar kyauta mai asusu tsayayye da marubucin Hausa zai san duk shekara tana nan.

Don haka idan muka taya Gurnah da Mariama Bâ da Soyinka da Djaïli murna, murna ce ta gaskiya, domin sun shigar da labarin mutanenmu inda a da wasu ne ke ba da shi a madadinmu. Hanyar girmama su ita ce mu nemi littattafansu mu karanta, masu iko da harsuna biyu su juyo mana su zuwa Hausa, su kuma fitar da namu zuwa wasu harsuna. Wanda ya sayi littafin marubuciyar unguwarsu maimakon ya jira a turo masa shi kyauta a WhatsApp, shi ma ya sa hannu a wannan aiki. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 aka ce masa ga gasa, ya ɗauki alƙalami, kuma yau sama da shekara casa'in ana karanta abin da ya rubuta. Akwai irinsa yanzu haka a cikin masu karanta wannan shafi, suna jiran a ce musu ga gasa.